Fotal Ɗinmu Ba Netwok Ke Kashe Su Ba, Rumbun Bayanan Ne Ba A Saita Ba

Malam Edita, assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya kai da ma'aikatanka, Allah ya ƙara wa wannan jarida tamu ɗaukaka. Don Allah ka ɗan sam min fili in yi magana kan wani abu da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya, wato yadda shafukan rajista na makarantu da asibitoci da ma ƙananan kamfanoni suke tsayawa cak daidai lokacin da aka fi buƙatarsu, sannan kowa ya buɗe baki ya ce wai netwok ne. Duk wanda yake zaune a Zariya ya san wannan lokacin, in an buɗe rajista ka leƙa kafe-kafen Samaru ko na Kongo ko Sabon Gari za ka ga yara sun yi cirko-cirko tun safe, wani daga Giwa ya taso, wata daga Soba, an biya kuɗin mota an biya mai kafe, shafi yana ta juyawa yana ta juyawa har la'asar, ƙarshe a ce su dawo gobe ko su gwada ƙarfe biyun dare. Ba zan kama sunan kowace makaranta ko ma'aikata ba don ba tonon silili ya kawo ni ba, amma aikina kenan kula da irin waɗannan na'urori, kuma wallahi mafi yawan lokuta an bar jaki ne ana dukan taiki.

Gwajin ma ba wuya. In wayarka tana buɗe YouTube lafiya lau, saƙon WhatsApp yana shiga yana fita, amma fotal ɗin nan guda ɗaya ya ƙi, toh ai layinka ba shi da laifi. Matsalar tana can inda shafin yake zaune, a kwamfutar da ake kira sabar, kuma a cikin sabar ɗin ma yawanci wuri ɗaya ne yake shaƙewa, shine rumbun bayanai, wato manhajar da ke ajiye sunaye da duk bayanan da shafin yake aiki da su. Duk sanda ɗalibi ya sa lambarsa ya danna, shafin ba shi da abin da ya sani, sai ya aika tambaya ga rumbun, wane ne wannan, ya biya kuɗi, wane kwas ya rage masa. In rumbun ya amsa cikin ƙiftawar ido shikenan, in ya ɗauki daƙiƙa ashirin kuma ga mutum dubu a bayansa kowa da tasa tambayar, sai layi ya taru har ya toshe ƙofa, a nan ne za ka ga lambar nan 504 ta fito ko shafi ya yi fari fat.

Galibin waɗannan sabar a kan Linux suke, wato babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar, musamman nau'o'insa irin su Ubuntu ko Debian ko CentOS, manhajar rumbun kuma MySQL ce ko MariaDB, wasu 'yan kaɗan PostgreSQL. Na sha jin manya a ofis suna cewa ai dama kayan kyauta ne shi yasa ba ƙarko, a sayo na kuɗi. Wannan maganar tana min ciwo don ba gaskiya ba ce. Linux da wani ɗalibi Linus Torvalds ya fara a Finland a 1991 shine yau yake cikin duk wayar Android da ke aljihunmu, kuma tun 2017 manyan kwamfutoci 500 da suka fi sauri a duniya dukkansu Linux ne a kansu. Facebook da MySQL ya tashi kuma har yanzu yana amfani da shi, Wikipedia tun 2013 ta koma MariaDB, wanda shi ma mutumin da ya ƙirƙiro MySQL ɗin, Michael Widenius, shi ya fitar da shi a 2009 da ya ga kamfanin Oracle zai mallaki na farkon. Toh manhajar da ta ɗauki jama'ar duniya ta rasa wanda zai gagare ta sai ɗalibai dubu ashirin ko talatin na makaranta ɗaya? Haba. Abin da ya bambanta mu da su shine su suna da mutanen da suke zama su saita abun, mu kuma a ɗora a tafi.

Bari in ba da misalin da ya fi kowanne yawa, kuma shi ya fi ba ni takaici saboda gyaransa layi ɗaya ne. In ka ɗora MySQL ko MariaDB sabo, yana zuwa ne da saitin da zai iya tashi ko a ƙaramar kwamfuta, don masu shi ba su san a ina za ka sa shi ba. Akwai wani wuri da yake warewa a cikin ram, wato ƙwaƙwalwar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, inda yake ajiye bayanan da ake yawan nema don kada kullum sai ya koma faifai, wato ma'ajiyar dindindin ta kwamfutar, ya ɗauko, sunan saitin innodb_buffer_pool_size, kuma girman da yake zuwa da shi megabait 128 ne kacal. Ram ta fi faifai sauri nesa ba kusa ba, saboda haka duk abin da ya samu shiga wannan wurin ana samunsa nan take, wanda bai samu ba sai an jira. Yanzu ka duba, ma'aikata ta fitar da miliyoyi ta sayo sabar mai ram gig 32 ko 64, an yi bikin buɗewa an ɗauki hoto, amma rumbun yana cikin megabait 128 ɗinsa a takure, sauran kuma ba shi ke juya ta ba. Littafin MySQL da kansa ya ce in sabar ta rumbun ce ita kaɗai za ka iya ba shi har kashi 80 cikin ɗari na ram ɗin. PostgreSQL ma haka yake, nasa shared_buffers ne, shi ma 128 yake zuwa da shi, masu shi suka ce ka fara da kashi 25 cikin ɗari tunda shi yana jingina da ajiyar da Linux ke yi masa. Na taɓa shiga wata ma'aikata da suka riga suka rubuta takardar neman kuɗin sabuwar sabar, muka buɗe fayil ɗin saiti muka ga tun ranar da aka ɗora ba wanda ya taɓa shi, aka gyara wannan layin aka sake tayar da rumbun, ma'aikatan da ke gaban kanta su suka fara tambaya wai me aka yi yau abu yake gudu haka. Amma fa a lura, in shafin da rumbun suna zaune a na'ura ɗaya ne kamar yadda aka fi yi a nan, kada a kwashe kashi 80, a bar wa sauran nasu rabon.

Na biyu kuma, wanda ya ma fi na farkon girma in bayanai sun yi yawa, shine rashin fihirisa. Mu a garin nan ba sai an yi mana dogon bayani ba, duk wanda ya zauna gaban malami a zaure ya san in kana neman babin alwala a babban littafi fihirisa kake dubawa ka tafi shafin kai tsaye, ba wai ka faro daga bango kana bin layi-layi ba. Toh rumbun bayanai ma haka, in teburin ɗalibai ko na biyan kuɗi, wato jerin da ake ajiye bayanan layi-layi, ba a yi masa fihirisa a kan lambar rajista ba, duk tambaya ɗaya sai ya karanta teburin gaba ɗaya. Lokacin da mai rubuta manhajar yake gwaji a laftof ɗinsa da sunaye hamsin ba zai ga komai ba, abu yana gudu kamar walƙiya, ya miƙa aiki a biya shi. Bayan shekara uku teburin biyan kuɗi ya kai layi miliyan, ga sakamakon jarrabawa na kowane zango yana taruwa, sai ka ga tambayar da fihirisa za ta kai ka ga amsarta a taku uku ko huɗu ta koma karatun layi miliyan, kuma ba sau ɗaya ba, duk ɗalibin da ya danna sai an maimaita. A irin wannan ko ka ninka ƙarfin na'ura sau biyu sauƙin na ɗan lokaci ne, bayanan za su sake cim mata.

Kuma abin haushin, rumbun da kansa zai gaya maka inda ke masa ciwo in ka tambaye shi. MySQL yana da littafin da yake rubuta duk tambayar da ta yi jinkiri, sai dai a kashe yake zuwa, in ma ka kunna shi sai tambaya ta wuce daƙiƙa 10 yake rubutawa, don haka ka sauke long_query_time zuwa daƙiƙa ɗaya ka bar shi ya wuni ranar da ake cunkoso. Da yamma ka buɗe, kusan kullum za ka tarar tambayoyi 'yan ƙalilan ne suke cinye lokacin duka. Ka ɗauki kowacce ka sa mata EXPLAIN a gaba, zai nuna maka ko fihirisa ya bi ko teburin duka ya share. Ba kuɗi, ba kwangila, zama ne kawai da haƙuri. Sai dai kada kuma wani ya ji haka ya je ya yi wa kowane gurbi fihirisa, don kowace ɗaya sai an sabunta ta duk lokacin da aka shigar da sabon bayani, in sun yi yawa rubutu ne zai koma jan ƙafa.

Akwai kuma maganar yawan masu shiga lokaci ɗaya. MySQL yana zuwa da iyakar haɗi 151, wato hanyoyin da shafi zai iya buɗewa zuwa rumbun a lokaci guda, PostgreSQL 100, in an cika sai ya fara korar mutane yana cewa haɗi ya yi yawa. Abin da yaranmu suke yi in sun ga haka shine su ruga intanet, su ga wani ya ce a mayar da shi 5,000, su kwafa su liƙa. Wallahi wannan ƙara wa wuta fetur ne, domin kowane haɗi yana cin tasa ram ɗin, a PostgreSQL ma kowane haɗi aiki ne mai zaman kansa a cikin na'ura. In ram ta ƙare Linux zai fara kwashe abubuwa yana zubawa a faifai, wurin da ake ce wa swap, daga nan komai ya koma tafiyar hawainiya, in abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa kuma akwai wani sashe na Linux da aikinsa kenan ya zaɓi manhajar da ta fi cin ram ya kashe ta don na'ura ta tsira, kuma wa ya fi rumbun bayanai ci? Shi yasa za ka ji an ce rumbun yana mutuwa da kansa ba a san dalili ba, har a fara zargin ko an yi kutse, alhali da an buga dmesg, umarnin da ke nuna saƙonnin da Linux ya rubuta, an karanta, ga shi nan a rubuce ƙarara. Maganin shine a gyara tambayoyin su riƙa gamawa da wuri su ba wasu wuri, a sa mai tsaron ƙofa irin su PgBouncer ko ProxySQL da zai riƙa raba 'yan haɗin da ake da su, a kuma rage vm.swappiness daga 60 ɗin da yake zuwa da shi don Linux ya daina saurin tura kayan rumbun zuwa faifai. Sannan hukumar makaranta ma tana da nata, me zai hana a raba rajista, wannan tsangayar Litinin waccan Talata, maimakon a buɗe wa kowa rana ɗaya a kuma sa tarar makara bayan sati guda? Ai dole kowa ya afko lokaci ɗaya.

Faifai kuwa ba sai na ja ba. Tsohon faifai mai juyawa sau 7,200 a minti, in ana tsinto bayanai daga wurare daban-daban, abin da zai iya a daƙiƙa bai fi ɗari da 'yan kai ba, SSD kuma, wato sabon faifai marar juyawa, dubbai yake yi. In akwai kuɗin abu ɗaya tak da za a saya, a sayi SSD mai kyau. Kuma don Allah a daina cusa hotunan fasfo da takardun da aka yi sikanin a cikin rumbun, a ajiye su a matsayin fayil, rumbun ya riƙe adireshinsu kawai.

Inda nake so 'yan'uwana masu wannan sana'a su saurare ni da kyau shine maganar wuta, don a nan ne shawarar da ake kwasowa daga intanet take iya jefa mutum cikin bala'i. Rumbun bayanai in ya ce maka ya karɓi abu, misali ɗalibi ya biya kuɗin makaranta, to sai da ya tabbatar an rubuta a faifai tukuna, wannan tabbatarwar kuma tana ɗan cin lokaci. Sai ka ga wani a Turai ko Amurka ya rubuta cewa ka mayar da innodb_flush_log_at_trx_commit daga 1 zuwa 2 ko 0 za ka ga gudu, kuma gaskiya ne za ka gani. Abin da bai dame shi ba shine in aka ɗauke wuta ba zato za ka iya rasa abin da aka shigar a daƙiƙar ƙarshe, shi sabar ɗinsa tana inda wuta ba ta ƙiftawa. A PostgreSQL kuwa wanda ya kashe fsync, saitin da ke tabbatar da an rubuta a faifai, ba daƙiƙa ɗaya kawai zai rasa ba, rumbun gaba ɗaya yana iya lalacewa. Mu da a wuni ɗaya ana iya ɗaukewa a kawo ba adadi, mu da a watan Oktoban 2024 yawancin Arewa ta kwashe kwanaki cikin duhu, ina mu ina wannan kasadar? Daƙiƙa ɗaya a ranar rajista tana iya zama kuɗin wani uba da ya sayar da buhun masararsa, banki ya cire, makaranta ta ce ba ta gani ba, yaro ya yi ta zarya tsakanin ofis da banki wata guda. Ni dai ra'ayina, duk rumbun da ya shafi kuɗi ko sakamako ko lafiyar mutane a bar wannan saitin yadda yake, a nemi saurin a wani wurin. A sa UPS da inbata masu batir na kirki, a kuma haɗa su da sabar yadda in batir ya kusa ƙarewa za ta rufe kanta cikin tsari. Wanda kuma har yanzu teburansa suke kan MyISAM, tsohon tsarin da yake kulle tebur gaba ɗaya in mutum ɗaya yana rubutu kuma yake saurin lalacewa in wuta ta yanke, ya mayar da su sabon tsarin InnoDB, ai tun fitowar MySQL 5.5 a 2010 shine zaɓin farko.

Ga zafi ga ƙura. A watan Maris da Afrilu ɗakin da ba na'urar sanyaya ɗaki firosesa, wato ɓangaren da ke yin lissafi a kwamfuta, da kanta take rage gudu don kada ta ƙone, da hunturu kuma ƙurar nan ta toshe fanka. Na ga sabar a ƙarƙashin teburin sakatare kusa da taga, an ɗora mata fayil-fayil a kai har sun rufe ramukan iska.

Wani zai ce toh a kai komai waje mana a yi hayar sabar a huta. Ba laifi, yana raba ka da matsalar wuta da ƙura, amma da dala ake biya, kuma mun ga yadda dala ta tashi daga wajen naira 460 a tsakiyar 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024. Rumbun da ba a saita ba a can ma sai ya sa ka hayar babbar na'urar da ba ka buƙata, wato wata-wata kana biyan dala saboda fihirisar da ba a yi ba. Kuma ko a ina take, a riƙa ɗaukar kwafin ajiya da dare lokacin da ba jama'a, a kai shi wata na'urar daban, a kuma riƙa gwada dawo da shi lokaci-lokaci, don akwai waɗanda sai ranar da abu ya lalace suka gano kwafin nasu fanko ne. Haka nan masu zaune kan tsofaffin manhajoji su sani MySQL 5.7 an daina kula da shi tun Oktoban 2023, CentOS 7 kuma tun ƙarshen Yunin 2024, ba sauran toshe ɓarakar tsaro, ga shi tun 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a a ƙasar nan, sunaye da lambobin waya da sakamakon 'ya'yan mutane amana ce a hannunku.

Duk wannan da na zayyano Malam Edita, tushensa ɗaya ne, ana ɗaukar fotal kamar kayan da za a sayo a ajiye. A ba ɗan kwangila, ya ɗora ya karɓi kuɗinsa ya tafi, wani lokacin har da kalmar sirrin shiga sabar ɗin, ba a bar kowa a gida da ya san cikinta ba, in ta tsaya a yi ta kiran wayarsa yana Abuja ko Legas. Alhali rumbun bayanai kullum girma yake, saitin da ya yi daidai bana baɗi ya yi kaɗan, dole sai da mutum a kansa wanda zai riƙa duba htop da iostat, manhajojin da ke nuna nauyin da ke kan na'ura da faifai, da littafin jinkirin nan, ya ga matsala tana tahowa tun kafin ranar rajista. Kuma ba wai ba mu da mutanen ba ne. Garin da yake da Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962, ga Kwalejin Nuhu Bamalli, duk shekara ana yaye masu karatun kwamfuta, wasunsu suna nan suna buga takardu a kafe ana ba su na cefane, da yawa kuma masu kaifin kai ne ƙwarai. Ku kuma ƙannena, kowa ya raja'a kan zana shafi mai kyan gani, wannan ɓangaren na ciki an bar shi ba kowa, ga shi koyonsa ba ya buƙatar kuɗi, tsohuwar laftof ta isa, ka ɗora Ubuntu da PostgreSQL ko MariaDB, ka ƙirƙiri layi miliyan na bogi, ka auna tambaya ba fihirisa ka sake aunawa da fihirisa, ka ga bambancin da idonka.

Roƙona ga shugabannin makarantu da asibitoci, kafin ku sa hannu a takardar sayen sabuwar sabar ku ce a kawo muku littafin tambayoyi masu jinkiri na ranar cunkoso, a kuma gaya muku ram nawa na'urar take da shi, nawa aka ba rumbun. A rubuta cikin yarjejeniyar kwangila cewa sai an gwada shafin da cunkoson da ya kai na ranar rajista kafin a biya kuɗin ƙarshe, kuma a miƙa kalmomin sirri da bayanin saiti ga ma'aikacin gida wanda ake biyansa albashin da zai zauna. Ku ma 'yan jarida, in kakakin wata ma'aikata ya sake ce muku matsalar netwok ce, don Allah ku tambaye shi wane ne yake kula da rumbun bayanansu kuma yaushe rabon da a duba shi.

Na gode da wannan dama, Allah ya saka da alheri.

Naku,
Wani mai kula da sabar, daga Tudun Wadan Zariya.